Malmala Ɗaya da Buta

Ku 'yan matan yanzu, da kun iya dafa taliya da ƙwai kun ɗauke ta hoto a waya, sai ku ce za ku buɗe gidan abinci. Jikokina biyu sun zo mini da wannan magana, har sun raɗa wa wurin suna da Turanci tun ba su mallaki ko ludayi ba. Na ce to madalla, Allah ya sa albarka, amma ku ajiye wayoyin nan ku zauna. Ni Hinde a bakin murhu na tsufa, gashin hannuna ya ƙone tun kafin a haifi iyayenku, kuma ina gaya muku girki shi ne mafi sauƙi a wannan sana'a. Wahalar tana kan benci, wurin masu ci.

Da wanke-wanke na fara. An kawo ni daga Wagini a kan jaki, tsakanin buhun dawa da na wake, aka damƙa ni a hannun Gwaggo Abu, yayar mahaifina, wadda ke sayar da tuwo a kasuwar Batsari. Na zo da rawar kai, ina ganin washegari za a miƙa mini muciya. Gwaggo ta nuna mini baho da soso da toka. Ko wanke-wanken ma ba ta yarda in yi shi ido rufe ba, duk kwanon da ya dawo sai ta tsare ni.

"Ke Hinde, kada ki tsoma shi ruwa. Mi ya rage ciki?"

"Miya ce, Gwaggo."

"To gishiri ya yi mashi yawa. Wancan fa?"

"Tuwo ne ya tura gefe."

"Gudaji ya iske. Wace sakarya ce ta tuƙa tuwon yau?"

Ita ta tuƙa, amma ni na sha ranƙwashin. A haka na koyi karatun kwano. Wanda ya suɗe nasa har yana ƙyalli zai dawo gobe. Wanda ya tsince nama ya bar saura ba abinci ya zo ci ba, wata ya zo gani. Wanda kuwa ya bar loma ɗaya daidai, ɗan birni ne, an koya masa wai suɗe kwano abin kunya ne.

Tuƙin tuwon kasuwa ba irin na gida ba ne. Za ki yi talge ki bar shi ya nuna, ki zuba gari, ki kama muciya da hannu biyu, hayaƙi na cika miki ido, talgen na tsalle yana sauka a dantsenki. Kika yi sanyin hannu, gudaji. Kika bar wuta ta yi yawa, ƙauri. In ya sulala sai ki ɗauki mara, kuma a nan ake gane gwana, domin malmala dole ta zo daidai da 'yar'uwarta. Namiji ko lissafi bai iya ba, yana iya auna malmalar na kusa da shi da wutsiyar ido.

Aure ne ya kai ni Safana. Na kafa rumfata ƙarƙashin wani itacen bedi kusa da sakatariya, na jera bencina. Masu cin tuwona ma'aikatan ƙaramar hukuma ne, da malaman makarantar da aka turo daga wasu garuruwa suka baro matansu a gida, sai direbobi da 'yan acaɓa. Man shanuna daga wajen Yasore matan Fulani ke kawo mini, ban taɓa haɗa shi da komai ba. Bayan rumfar akwai wata doguwar katanga da lambatu, a jikinta kuma Sale mai faci ya kafa injinsa. Sale mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ya fi tayoyin da yake liƙewa yoyo.

Kowace sana'a tana da mummunar shekara. Ba ina nufin lokacin da 'yan bindiga suka lalata hanya ma'aikata suka riƙa tsoron kwana a gari ba, wannan kowa ya ɗanɗana, ba ni kaɗai ba. Tawa shekarar mutum ɗaya ne ya jawo ta, da malmala ɗaya da buta.

Zan kira shi Malam Lawal, ko da yake ba sunansa ke nan ba. An turo shi sakandaren garin yana koyar da Larabci da addini, saurayi ne bai yi aure ba, gemunsa a gyare, in liman ya yi tafiya shi ake turawa gaba. Kowa Ustazu yake ce masa. Ba shi da ƙiba, ba shi da rama, irin jikin nan ne da tela ba ya shan wahala a kansa. Kullum da rana zai zo, ya rusuna.

"Inna, ina wuni? Ya aiki, ya hayaƙi? Ya mutan gida?"

"Lafiya lau, Malam. Ya ɗalibai, sun fara ganewa ko har yanzu?"

"Da sauƙi, Inna. Malmala ɗaya, miyar kuka, kada man ya yi yawa."

Zai ci a natse, yana ci yana kurɓar ruwa da yawa, ya suɗe kwano tas. A karatun Gwaggo Abu, wannan shi ne mai sayen da ake roƙon Allah ya kawo. Da ya gama sai ya ɗauki butar da nake ajiyewa gefen randa ya zagaya bayan katanga. Duk mun ɗauka alwala ce. Har nuna shi nake yi wa direbobi ina cewa ku dubi mutum, ku kuwa kuna gama ci sai sakace da ƙarya.

Wata rana ina kankare ƙanzo Sale ya matso yana goge hannu da tsumma.

"Hinde, Ustazun nan naki ba alwala yake ba."

"To mi yake, faci?"

"Amai yake. Kullum ta Allah. Da ya ci tuwonki ya zagaya, sai in ji kamar babur ya shaƙi ruwa."

"Wa ka faɗa mawa?"

"Wallahi ba kowa."

Ba kowa a bakin Sale yana nufin tasha da kasuwa da ƙofar masallaci.

Ku sani, duk macen da kasuwarta ta buɗe ba a cewa ta iya miya, sai dai a ce tana sa wani abu. Dama ana ta ƙus-ƙus a kaina, wasu su ce laya na binne ƙarƙashin murhu, wasu su ce wani ruwa nake wankewa in zuba a miya. Abin da suka rasa shi ne shaida, ga shi kuwa Allah ya kawo musu. Mutum ne da Alƙur'ani ke cikin ƙirjinsa, aka ce, cikinsa ba zai taɓa riƙe asiri ba, shi ya sa yake dawo da shi. Na tsaya a bakin rumfa na ce, to in tuwona ne ke sa shi amai, uban me ke kawo shi kullum? Suka ce ai ƙarfin asirin ke nan, har Ustazu yana janyowa. 'Yan duba-gari suka zo, suka buɗe tukwane, suka leƙa randa, suka duba farcena, suka ci abinci suka ce lafiya lau. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai gari ya ce ai ka ji, da ƙazanta ce da sun gani, abin da duba-gari bai gani ba kuwa kowa ya san sunansa.

Benci ya bushe. Na sauke babbar tukunya na ɗora ta gida, ita ma sai in koma da saura. Masu cin nawa suka rage Sale, wanda ya ce shi dai ya riga ya ci da yawa, in asiri ne ya gama kama shi, da wani tsohon masinja kurma da labarin bai iya shiga kunnensa ba, sai Malam Lawal kansa. Shi bai san abin da ake ciki ba, domin ba wanda ya iya tarar Ustazu da zancen amai. Sai dai ya ga gaisuwa ta ƙaru, har ana kawo masa jarirai ya tofa musu. Ni kuwa ina kallonsa yana cin tuwona hankali kwance yana kashe mini kasuwa, kamar in kwaɗa masa muciya.

Dabara ta zo mini ina tankaɗe. Matar liman ƙawata ce ta biki, na shiga gidan na ce tuwonta nake marmari, ta cika mini kwano. Na juye shi a kwanon rumfa, miyarta da komai, na ajiye wa Malam Lawal. Ya ci, ya suɗe, ya ɗauki buta. Wannan karon da kaina na laɓe a ƙarshen katanga, na kuma ji da kunnena. Na ce alhamdu lillahi, yau tuwon gidan liman ma ya bi lambatu. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Har na fara tsara yadda zan tsaya a tasha in yi shela, in ga wanda zai ce matar liman ma tana binne laya.

Da ya dawo zai ajiye butar, sai na dube shi irin duban da Gwaggo ta koya mini in yi wa kwano. Idonsa ja ne da ruwa-ruwa. Ƙasan kunnuwansa a kumbure, abin da ke sa fuskarsa ta yi kama da ta mai ƙoshin lafiya. A bayan yatsunsa na dama akwai kanta, alhali alli kawai yake riƙewa. Haƙoransa na gaba sun yi sirara kamar an goge su da dutse.

"Malam, tuwon yau na gidan liman ne."

Ya tsaya cak. Can ya ce, "Inna, ba tuwonki ba ne."

"Na sani, shi ya sa na ce maka na liman ne. To mi ne ne?"

"Ƙwarnafi ne kawai," in ji shi, ya sa takalmi ya wuce.

Ban yi shelar ba, na ce bari in ƙara gani. Ba a daɗe ba kuwa, wata rana ya dawo daga bayan katanga, ya taka kamar zai gaishe ni, sai ya yanke jiki ya faɗi a gaban rumfata. In da ya zaɓi wurin faɗuwa da gangan don ya ƙarasa ni, da bai samu wanda ya fi nan ba. Kafin ka ce me, an taru ana salati, ina jin wata tana cewa shi ke nan ta gama da shi. Aka sa shi a mota sai asibiti, na bi su da zanen murhu a jikina.

Allah ya sa Sista Rabi ce a bakin aiki. Nas ce, ta yi karatun kula da masu ciwon damuwa da na ƙwaƙwalwa, kuma ita kaɗai ce cikin ma'aikata ba ta daina aiko da kular abincinta rumfata ba, ta ce asirin da ta sani a miyata daddawa ce. Suka ɗaura masa ruwa, suka ɗebi jininsa suka auna. Washegari na koma da kunu a fulas. Na iske shi zaune, ya ji duk abin da gari ke faɗa a kaina, domin masu zuwa dubiya sun yi ta yi masa barka da kuɓuta daga hannuna. Kunya ta hana shi ɗaga kai.

"Faɗa mata, Sista," ya ce. "Na jawo mata abin da ya isa."

Amma da kansa ya fara. Ya ce yana yaro ƙato ne, a makarantar kwana Tulu ake kiransa, har malamai. Mahaifinsa mai tumbi ne, ciwon suga da hawan jini suka tafi da shi. A kwaleji ya rage jiki, ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, tun daga nan tsoron komawa Tulu ya shige shi. Da ya ci abinci, komai ƙanƙantarsa, sai ya ji cikinsa ya cika har wuya, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya sa yatsa ya fitar da shi. In bai samu wuri ba sai ya jiƙa ganyen filasko mai sa gudawa ya sha, ko ya haɗiyi ƙwayar wankin ciki. Shekaru yana haka ba wanda ya sani.

Na riƙe haɓa. A ƙasar da mata ke haɗiyar ƙwaya don su yi ƙiba, maza na roƙon Allah tumbi don a fara ce musu Alhaji, ga wani yana ba lambatu tuwo mai man shanun Yasore. Na ce, "Sista, wannan iskanci ne ko iska?"

"Ba ko ɗaya, Inna. Ciwo ne, kuma yana da 'yan'uwa. Kin taɓa ganin wadda ta ƙi cin abinci sam, ta bushe, amma tana cewa ta yi ƙiba?"

Na taɓa gani. Lokacin ina wurin Gwaggo a Batsari akwai wata 'yar maƙwabta da ta dawo hutu daga makaranta ta daina ci. In an ba ta tuwo sai ta tura ƙarƙashin gado. Ta koma ƙashi da fata, tana kama cinyarta tana cewa kitse ne. Aka ce aljanu, aka yi hayaƙi, aka yi rubutu, har Allah ya karɓi abarsa. Na gaya wa Sista.

"To wannan shi ne babban yayansu," ta ce. "Kowa na ganin shi, don jiki ke faɗa, amma shi ya fi taurin kai wurin magani, ya fi daɗewa, kuma shi ya fi kisa. Akwai na biyu, mutum ya zauna ya ci abin da mutum uku za su ci, ba don yunwa ba, ya kasa tsayawa kamar an kwance mashi birki, sannan kunya da tsoro su kama shi ya je ya amayar. Akwai na uku, ya yi irin wannan cin amma bai amayarwa, sai baƙin ciki, yawanci jiki ya yi ta hauhawa."

"Malam kau malmala ɗaya yake ci, ni ce shaida."

"Nan ya bambanta da su. Bai ƙin ci kamar ta farko, bai cin hauka kamar na biyu. Cin kowa yake, sai dai shi a jikinshi yana jin kamar ya ci na hauka, sai ya fitar. Jikin kuma bai rama bai ƙiba, shi ya sa ba mai ganewa. Ki dube shi, wa zai ce bai da lafiya? Alhali aman da gudawar suna kwashe wani gishiri da ke cikin jini, wanda zuciya ke bugawa da shi. Shi ya yi ƙasa jiya ya kayar da shi. Da ya ƙara ƙasa, da yanzu zaman makoki ake."

Ta juya wurinsa ta ce filaskon ma wahalar banza ce, kafin ya yi aiki jiki ya riga ya ɗebi abin da zai ɗiba a abincin, ruwa kawai yake zubarwa. Na ga wannan ta fi yi masa ciwo a kan maganar mutuwa.

Na ce, "To a rubuta mashi magani mana."

"Ba allura ko ƙwaya ɗaya da za a ce ga ta, sha ka warke. Magani zama ne da likita, a yi ta magana ana gyara yadda yake kallon abinci da jikinshi, a kuma tsara mashi ci. Irin nashi ba a daɗe da ware shi daban ba, don haka da hanyar da ake bi da na biyun nan ake bi da shi. Masu irin waɗannan biyun da yawa suna samun lafiya in sun jure, sun fi mai ƙin ci samun sauƙi. Wasu kuma ya tafi ya dawo, musamman in an daɗe ana ɓoyewa. Za mu tura shi Katsina wurin likitan ƙwaƙwalwa."

"Sista, ni ba mahaukaci ba ne," in ji Malam Lawal.

Na ce, "Mutumin da zai sayi tuwo ya kai wa lambatu, bari dai likitan ya faɗa da bakinshi."

Ya yi dariya, karo na farko da na ga dariyarsa. Sannan ya roƙe ni don girman Allah kada kowa ya ji. Na amsa, amma ba da daɗin rai ba. Haushi ne ya cika ni. Ga gaskiyar da za ta wanke ni ta cika mini benci a yini ɗaya, an sa mini ita a baki kamar loma mai zafi, an ce kada in haɗiye kada in tofar.

Tsintar wake ita ce aikin da na fi tsana a sana'ar nan, ita ce kuma ta yi mana rana. Da ya fara zuwa Katsina, likita ya ce ya riƙa ci a kan lokaci, kada ya tsallake, in ya ci kuma kada ya keɓe, ya zauna cikin mutane har abin da ke taso masa ya lafa. Ba shi da mata, ba shi da dangi a Safana, ɗakinsa shi kaɗai. Ya zo ya tsaya yana murza hula ya ce ko zan bar shi ya riƙa zama a bencina bayan ya ci. Na ce benci dai ga shi nan, ai ka share mini shi da kanka. Na ɗauke butar na kai ta bayan tukwane, na dire masa tire cike da wake, na ce ba a zaman banza a rumfata.

Kwanakin farko abin tausayi ne. Zai gama ci ya ɗauki tiren, zufa na karyo masa, idonsa na kan katanga.

"Inna, ji nake kamar na haɗiye turmi."

"Turmin zai sauka. Ga tsakuwa can ka bari."

"Inna, minti ɗaya kawai, in wanke hannu."

"Ga ruwa nan a kwano, wanke a gabana."

Ba kullum muke cin nasara ba. Wata rana zai ce yana da aji ya tafi, washegari ya zo kansa a ƙasa, in gane ba aji ya je ba. Na so in yi masa faɗa, Sista ta ce in bari, haka ciwon yake, a dai ci gaba. Sannu a hankali kumburin ƙasan kunnen ya saɓe, ya daina kurɓar ruwa kamar raƙumi, kantar yatsun ta fara gogewa. Ya kuma iya tsintar wake fiye da duk 'yan matan da na taɓa koya wa.

Sale ya yi ta kasa kunne a jikin katanga bai ji komai ba, kuma shiru ma labari ne a wurinsa. Nan da nan gari ya samu sabon bayani. Aka ce Ustazu ya tashi daga jinya ya zo ya karya asirin, ga shi can kullum zaune yana yi wa wakenta karatu, Hinde ta tuba. Mutane suka fara dawowa, ba don ni ba, don su ci waken da Ustazu ya taɓa. Shinkafa da wake ta fi tuwo tafiya a shekarar. Har wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce Allah ya karɓi tubana, na ce amin, tare da naki.

Wata ranar Alhamis ya ajiye tiren ya ce, "Inna, gobe bayan Juma'a zan tashi in faɗa ma mutane gaskiya. Ana cewa kin tuba daga abin da ba ki yi ba. Hakkinki na kaina."

Wallahi na so. Na hango Sale da bakinsa a buɗe, na hango tsohuwar nan. Amma na san garina. Malamin da aka ji yana zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa, kafin Asabar ɗalibai sun raɗa masa Malam Amai, ba mai sake binsa salla, ba mai ba shi ɗiya. Wanda sunan Tulu kawai ya kai shi gadon asibiti, ina zai kai wannan? Ga shi ko wata nawa bai yi da fara riƙe abinci a cikinsa ba.

Na ce, "Wa ya ce maka ka gama da waken nan? Zauna."

"Inna, sunanki fa."

"Sunana Hinde, kuma bai hana ni tuƙa tuwo. Ka tashi a masallaci, ni kuma in rantse ban taɓa ganinka ba. Tsince."

Ya zauna. Ya daɗe kansa na kan tiren, na ga ruwa na ɗiga a kan waken, na yi kamar ina gyara wuta.

Kada ku ɗauka abin ya tafi a banza. Akwai waɗanda ba su sake taka rumfata ba har suka yi ritaya. Har yau akwai gidan bikin da in na shiga sai in ga an ɗan ja murfin tukunya an rufe, kuma yana yi mini ciwo kamar ranar farko. Shi ya sa nake ce muku ku bar ganin sana'ar nan kamar wasa. Wanda ya zauna a bencinki ya buɗe baki ya ci abin hannunki, ba yunwa kaɗai ya zo da ita ba, wani lokacin kuma ke za ki ɗauki sauran.

Daga baya aka yi masa canjin wurin aiki. Shekaru suka wuce, sai ga shi wata rana ya sauko daga mota da mata da goyo, da ɗan tumbinsa daidai misali. Bayan mun gama gaisawa na tambaye shi jiki. Ya ce da sauƙi sosai, amma ba zai ce ya rabu da shi kwata-kwata ba. In aka yi sallar layya aka ci nama, ko wani ya ce masa kai Malam ka yi ƙiba, sai ya ji abin ya motsa. In ya motsa sai ya nemi mutane ya zauna, ko ya koma wurin likita. Matar ta ce ita dai tun da aka kawo ta ba ta taɓa tsintar wake ba. Shi ne ya ce in ba da labarin duk inda na ga dama, domin yanzu da bakinsa yake gaya wa ɗalibansa.

Na zuba masa malmala ɗaya da miyar kuka, ban ma tambaya ba. Ya ci, ya suɗe, sai ya turo kwanon gabana.

"Inna, a ƙara mani rabi."

Sale, wanda ya tsufa amma bakin na nan, ya leƙo daga jikin katanga ya ce, "Ai kau Ustazu, tun da ta tuba tuwon ya rage daɗi. Na da ya fi."

Malam Lawal ya yi dariya har da tari. Ni kuwa na ɗauki mara, ni da ban taɓa kuskuren awo ba. Na kwaso masa cikakkiya, ranar ban iya rabi ba. Ya cinye, ya gyara zama yana wasa da ɗansa. Butar tana nan gefen randa, ba wanda ya kalle ta sai ni.